Garin Tunkuza a Gidan Malam Bawa

Ban taɓa mantawa da ranar da Malam Bawa ya wanke hannu ya zauna cin tuwo cikin manoma ba, ban kuma jin zan manta. Ku da malamin asibiti ya turo ku koyi girkin marasa lafiya a wurina, kun sha tambayata abin da ya sa nake tsare mutanen gida da tambaya kafin in ɗora tukunya. Shi ne na ce bari in rubuta maku da ɗan abin da na samu a ajin yaƙi da jahilci. Wadda ta iya karatu ta karanta wa saura.

Ni mutuniyar garin Ƙofa ce. Mijina ya rasu ina goyon ɗiyata Rabi, ko zama ba ta fara ba. Da na fita takaba aka kawo ni Kankia, gidan Malam Bawa mai sikelin gyaɗa, don abokin mahaifina ne tun suna yara. Baba nake ce mashi. Shi kuwa bai taɓa kiran sunana ba, sai dai 'yar Ƙofa.

Ga wadda ba ta san yadda aikin yake ba, kamfanin Turawa na Kano shi ke sayen gyaɗa, amma Bature ba ya bin ƙauye da kansa. Akwai manya da ke hulɗa da kamfani, su kuma suna da irin su Malam a garuruwa. Malam shi ke da sikeli da rumfa a bakin hanyar mota. A ƙarƙashinsa akwai mai awo, sai sarkin 'yan dako, wani dogo ana ce mashi Mati, sai 'yan dako masu ɗinkin buhu da lodi. Mu mata muna cikin gida, matar Malam, Inna Hajara, ita ke raba mana aiki. Nawa biyu ne: girkin 'yan dako da baƙi, da matsar mai daga gyaɗar da ta farfashe wadda kamfani ba ya karɓa. A soya ta, a murje, a sheƙe, a daka har ta yi laushi, sannan a riƙa zuba ruwan zafi kaɗan kaɗan ana juyawa da taɓarya har mai ya taso. Abin da ya rage bayan an kwashe man shi ne tunkuza, ita ake mulmulawa a soya ta zama ƙuli.

Malam mutum ne mai jiki ƙwarai. 'Yan dako sukan ce da zai hau sikelinsa sai kamfani ya aiko mota ta musamman, shi kuma ya fi kowa dariya. Amma da bazarar shekarar nan abin ya daina zama na dariya. Daga masallaci zuwa zaure sai ya tsaya ya dafa bango. Ƙafafunsa suka kumbura har takalmi ya ƙi shiga, barci kuma sai a zaune. Da likita Bature ya zo rangadi asibitin En'e aka kai shi. Kashegari malamin asibiti ya zo gida da kansa, ya ce a kira mashi mai girki.

Ya tsaya a ƙofar shigifa, ɗakin da ke tsakanin zaure da cikin gida, ni ina durƙushe daga ciki, Rabi a baya. Ya ce abinci a cikin mutum kamar itace ne a murhu. Ɗan dako murhunsa na ci tun safe, kome aka tura sai ya cinye. Wanda ke zaune kan kujera kuwa, wutarsa ƙarama ce, itacen da bai ci ba sai ya taru ya toshe murhun. Ya ce a cikin duk abin da muke ci, mai shi ne itacen da ya fi yawa a ƙaramin wuri, kuma kitse ya riga ya danne wa Malam zuciya. Ya ɗauki wani ƙaramin ƙoƙo ya ja mashi zane da wuƙa, ya ce tuwon Malam kada ya wuce nan. Ba man shanu, ba man gyaɗa, ba kitse. Ganye kuwa ya ci iya cikinsa.

Malam na zaune yana saurare, sai ya ce yanzu mutumin da gyaɗa ta rufa wa asiri shi za a raba da gyaɗa? Malamin asibiti ya ce ba da gyaɗar ake faɗa ba, da manta ake. In akwai mai iya raba su sosai, to ya ci ludayi guda a kowane abinci. Inna Hajara ta nuna ni da baki.

Ga yadda na riƙa yi, kuma haka nake son ku yi. Bayan matsar farko, sai in ƙulle tunkuzar a ƙyalle mai tsabta in danne da dutsen niƙa, ta yini tana ɗiga. Ba na soya ta, don ƙuli a cikin mai yake wanka, abin da aka cire shi yake sake sha. Sai in marmasa ta a faifai in shanya, in ta bushe in gasa ta a busasshen kasko da wuta kaɗan, in daka, in tankaɗe. In kin shafa garin a bayan hannunki kika ga yana ƙyalli, to bai yi ba, a sake. Da safe in dama ludayi guda a kunun gero. Da rana kwaɗon zogale ko na rama ko tafasa, da albasa da barkono. Da marece miyar kuka ko ta kabewa, garin ya tsaya a madadin mai. Amma a fara kwaɓa shi da ruwan ɗumi, a zuba daga ƙarshe, in ba haka ba ya kama gindin tukunya ya yi ɗaci. Ranar kasuwa nakan yanke kitsen ɗan nama tas, in birkiɗa shi a garin in gasa, ya yi kamar tsire.

Ranar farko Malam ya buɗe akushi ya leƙa, ya leƙa, ya ce, "'Yar Ƙofa, ai ko gidan yari ana ɗiga masu mai ranar Juma'a." Amma ya cinye har ya suɗe. Daga nan kullum in na kai sai ya ce ga gandiroba ta iso.

Man da na matse kuwa, ya ce a zuba wa amaryarsa. Rabi yake nufi, irin wasan kaka da jika. A daminar nan na yaye ta, ta rame har nakan ji tsoron yi mata wanka gaban mutane. Kowace safiya sai na zagaye tsintsiyar hannunta da yatsuna in ji ko ta ƙara ko ta ragu. Ba wanda ya ce mani kome, amma na san irin kallon da ake yi wa uwar yaron da ya rame. Da na fara ɗiga mata man nan a kunu sai ta soma cikowa. Malam yakan ɗora ta a gwiwa ya ce wa mutane su shaida, amarya na kwashe mashi kaya da rana tsaka.

Kafin ruwa ya ɗauke, takalmi ya shiga. Ya koma kwanciya kamar kowa, yana sujada ba tare da an kama shi ya tashi ba, har gona yakan taka da ƙafa. Na ɗauka aiki ya yi kyau, an gama. Abin da ban lura da shi ba biyu ne. Rigunansa sun zama kamar na aro, fatar wuyansa ta saki. Sannan tun da abincinsa na awo ne, a shigifa yake ci shi kaɗai. Da damina kowa na gona, ba baƙi, ba wanda ya damu.

Sai kaka ta yi.

A nan sai na yi maku bayanin wani abu. Farashin gyaɗa kusan ɗaya ne a kowace rumfa, saboda haka manomi ba sikeli yake zaɓa ba, mutum yake zaɓa. Yana son ya san wanda zai sallame shi yau, wanda kuma zai tuna da shi in rumbu ya yi ƙasa da bazara. Ba takarda yake dubawa ba, jikin mutum yake duba, da akushinsa. Al'ada ce in manoma sun iso da jakuna a kai masu tuwo zaure, miya na ninƙaya da mai, mai gida ya zauna ya sa hannu tare da su. Sai an ci sannan a kwance kaya.

Jakunan ƙauyen Kunduru da na ƙauyen Boko suka fara shigowa. Sai su rage tafiya a gaban rumfarmu, a gaisa, a dubi Malam, a wuce gaba. Maganganun kuwa a bakin masu zuwa sayen mai nake jin su. Wasu sun ce ya karye, kamfani ya janye hannu. Wasu sun ce sammu ne. Wasu sun ce ya daina yarda da girkin gidansa shi ya sa yake ci a ɓoye, wasu kuma sun ce wata bazawara ce daga Ƙofa ke ba shi abin da ake zuba wa awaki. 'Yan dako da ake sallama bisa buhun da suka ɗauka suka koma zaman banza a kan tarin buhunan wofi.

Ni da Inna Hajara muka yi shawara, muka ce to a yi wa kowa irin miyar Malam, ya fito ya ci da jama'a. Muka gwada. Da la'asar Mati ya dawo da akushi da kansa, ya tsuguna a ƙofa ya ce a yi haƙuri, miyar ta yi daɗi, amma ba ta ɗaga buhu, yaransa tun azahar gwiwarsu ke rawa. Gaskiyarsa ce, su murhunsu na son itace. 'Yan manoman da suka ci ranar kuma suka koma da labarin cewa mai ya ƙare a gidan mai gyaɗa. Gyaran ya fi ɓarnar ciwo.

Ana cikin haka yayar Malam, Gwaggo Yalwa, ta iso daga Kusada, don magana ta kai mata. Tsohuwa ce ƙanƙanuwa, ita ta goye shi. Da ta gan shi ba ta ko amsa gaisuwa ba, ta zauna a ƙasa ta rufe fuska da gyale. Da na kawo abincin rana ta buɗe, ta ga kwaɗon zogale da ɗan tuwo kamar na yaro, ta rufe. Na zaci zagina za ta yi. Sai ta bi ni madafa ta zauna kan turmi, ta ba ni labarin wata yunwa da aka yi suna yara, yadda ta riƙa tonon gidan tururuwa tana neman tsaba ta dama mashi, yadda haƙarƙarinsa ya fito har tana jin su a bayanta in ta goya shi. Ta ce tun ranar da ya yi jiki take barci da daɗi.

Na gaya mata abin da likita ya ce, da maganar takalmi, da ta numfashi. Ta saurara har na gama. Sannan ta dubi Rabi da ke wasa da ludayi a gefe.

"Ke ma uwa ce," in ji ta. "In an ce ki riƙa auna wa ɗiyar ga abinci da ƙoƙo tana kallon ki, tana ramewa, gari na kallo, kin iya?"

Har yau tambayar nan tana raina.

Ranar da nake ba ku labari, ranar kasuwa ce. Da hantsi Malam Tanko na Kunduru ya iso. Dattijo ne da mutanen ƙauyensu ke bi, inda ya sauke nan kowa ke saukewa, kuma tun zamanin uban Malam a gidan nan yake sauka. Jakuna suka cika ƙofar gida, amma ba a kwance ko ɗaya ba. Na aika da babban akushi, tuwon dawa da miyar taushe, man shanu a sama yana ƙamshi. Ni kuma na laɓe jikin zana inda nake hango zaure.

Malam ya ce bisimilla, su ci, shi ya riga ya ci. Malam Tanko bai ko matso ba.

"Bawa," ya ce, "tun kana wasan ƙasa nake cin tuwon gidan ga, ban taɓa ci mai gida na kallo na ba. In da abin da kake tsoro cikin akushin ga, gaya mani in ji tsoron tare da kai."

Malam ya yi mashi bayanin likita da kitse da zuciya, bai ɓoye kome ba. Tsohon ya gyaɗa kai, ya ce shi ya yarda, don bai taɓa kama shi da ƙarya ba. Amma mutanen da ke tsaye a waje riƙe da igiyar jaki ba su ga likita ba, abin da idonsu ya gani shi za su kai gida. Ya ce shi ba zai iya ɗaukar maganar Bature a baki ya ce su sauke guminsu na shekara a kanta ba.

Na ga Malam ya juya ya dubi ƙofa, inda Mati da yaransa ke zaune kan buhunan wofi, sun zuba mashi ido. Ya daɗe yana kallon su. Sannan ya ce a miƙo mashi buta.

Ya wanke hannu, ya naɗe hannun riga, ya matso. Ya yanko loma ya dangwala a daidai inda man ya taru, don kowa ya gani. Kafin a kwashe akushi an fara kwance jakuna, Mati har da waƙa. Ni kuwa ina bayan zana, ƙoƙon awo a hannuna, ban san lokacin da na ɗauko shi ba.

Da la'asar Malam ya sa aka kira ni, na je da Rabi a hannu. Yana ta fara'a, amma bai yarda mun haɗa ido ba.

"'Yar Ƙofa, adana garinki," ya ce. "Kaka ce kawai. Ran da motar ƙarshe ta tashi, na dawo gidan yarinki da ƙafata."

Na ce Baba, ƙafar fa nake ji. Ya ce in daina kuka a kan amaryarsa, hawaye ba kyau a kan yaro.

To kaka ba kwana ɗaya ba ce. Ayari na zuwa da safe, wani da azahar, wani da marece, kuma tun da ya ci da mutanen Kunduru ba dama ya ƙi ci da na Boko, sai a ce ya raina su. Wata rana ya ci sau uku, wata rana fiye. Na yi duk dabarar da na sani. Na riƙe kunun safe da garin tunkuza. Na gwada zuba mai a gefe ɗaya na akushi in juya mashi ɗayan, amma mai ba ya tsayawa inda aka ajiye shi, baƙi kuma don girmamawa sai su tura tsoka mai kitse gabansa. Malamin asibiti ya zo ya yi magana mai yawa. Malam ya bar shi ya gama, sannan ya nuna mashi rumfa, ya ce ya duba bakunan da ke ci a bayan sikelin nan ya gaya mashi wanne za a rufe. Malamin ya tashi ya tafi. Da ya zo wucewa ta madafa ya ce in dai ci gaba da kunun.

Jiki ya dawo da sauri, ya fi yadda ya tafi. Gari ya yi murna. Masu sayen mai suka koma ce mani yanzu na gyara hannu. Gwaggo Yalwa ta koma Kusada da kwanciyar hankali. Rumfa ta cika har ana jera buhuna a titi. Kowa fuskar Malam yake kallo, ni kaɗai nake kallon ƙafarsa. In na kai ruwa sai in saci kallo, kamar yadda nake yi wa hannun Rabi. Na ga ranar da ya fara take bayan takalmi. Na ga ranar da ya bar shi gaba ɗaya, ya ce wai zafi yake sa mashi. Inna Hajara ta gaya mani a ɓoye ya koma barci a zaune, ya hana ta faɗa wa kowa.

Wata safiya ya sha kunun, ya miƙo mani ƙwarya ya ce shi dai wannan ne abincin da ba ya yi mashi nauyi. Ya fita rumfa. Da hantsi ana lodi, ya sunkuya zai duba awo, sai ya zauna a kan buhu ya dafa ƙirji. Mati ya zaci hutawa yake, har ya tsokane shi. Kafin a kira malamin asibiti rai ya yi halinsa. Saura gyaɗa mai yawa a ƙasa ba a kwashe ba.

Wurin zaman makoki ina raba ruwa ina jin abin da ake faɗi. Ana cewa Allah ya rufa mashi asiri, ya tashi daga waccan ramar, ya koma ga Ubangijinsa da jikinsa da mutuncinsa, rumfarsa a cike. Gwaggo Yalwa ta kama hannuna ta riƙe, tana hawaye, ta ce ta gode wa Allah da bai nuna mata an binne shi a rame ba. Ta ce ta yafe mani. Na ce na gode, Gwaggo. Mi zan ce? Ba wanda ya ƙi shi a cikinsu. Da tsohon Kunduru, da yayarsa, da 'yan dakon da suka ɗauki makararsa suna kuka kamar yara, duk son sa suke.

Na zauna da Inna Hajara har ta fita takaba. Bayan nan ne malamin asibiti ya fara aika ni gidajen da aka ce wa wani ya rage mai, har aikin ya yi mani yawa aka turo ku.

Matsar tunkuza ba wuya, cikin ɗan lokaci za ku fi ni iyawa. Awo ma ba wuya. Amma a ƙasar nan ba mai cin abinci don cikinsa kaɗai. Lomar mutum akwai 'yan'uwansa a ciki, da baƙinsa, da masu ci a ƙarƙashinsa, kuma likita mutum ɗaya ya auna. Shi ya sa in na shiga gida ba na fara tambayar mi marar lafiya ke so. Nakan ce da wa yake ci, wa ke zuwa gaishe shi, wace ce babbar 'yar'uwarsa, ina take. Sai in ɗauki Rabi mu je har inda take tun bai fara ramewa ba, in durƙusa in gaya mata zai rame, kuma ramar alheri ce, in roƙe ta ta zama ita ce mai gaya wa mutane. Wata ta yarda, wata ta kore ni. In an kore ku, ku koma. Kuma duk ranar da kuka ji gari na yaba wa marar lafiyarku cewa ya murmure ya yi kyau, ku bar fuskarsa, ku dubi ƙafarsa.